Gayaunar Gwaggo

Ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Akawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da take ta ƙorafinta, na daina kula ta.

Ki duba rubutun nan da kyau. Ba Malam ne ya rubuta mini ba, ba kuma Auta ba. Ni ne, mijin Gwaggonki, da hannun nan da kika sani da fartanya. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin manya bayan la'asar, ina zama a bencin yara gwiwoyina suna neman haɓata. Yau ga amfaninsa.

To, ki zauna kafin ki karanta. Matar Auta ta sauka. Mace! Bayan shekara goma sha ɗaya muna jira, har mutane sun daina tambaya. Na hana Auta ya kira ki a waya. Na ce duk wanda ya riga ni gaya miki, ni da shi ne, domin da hannuna nake so ki ji. Mun sa mata sunan Gwaggonki. Ni dai Amarya nake ce mata. Goshinta na marigayiya ne sak, kuma idan ta ɓata rai haka take tura leɓe. Jiya na ce mata, "Yarinya, na san wannan kallon, shekara arba'in ina shan sa."

Akwai kuma labarin da ya shafi ofishinku. An kawo mana takardun tallafin noma na bana, wanda za a tura wa kowa kuɗin taki da iri. Mu ashirin da bakwai ne a ƙungiyarmu. Malam, shi da yake koya mana karatu, shi ne magatakarda, shi yake cike wa kowa ya buga hatimi. Da ya zo kaina sai na ce, "Malam, ɗalibinka ya girma." Na karɓi guda biyu na kai gida.

Ɗaya na cike ta gonata. Ɗayar kuma ta gayaunar Gwaggonki, wadda take bayan rijiya, inda kuke tsinkar kuɓewa ke da ita lokacin da kike makaranta a gidanmu. Tun da ta rasu nake noma ta ban taɓa jin tawa ba ce. Yanzu na san mai ita. Na rubuta sunan Amarya, don gwamnati ma ta shaida na ba ta. Wurin lambar katin shaida ne ya tsayar da ni, tun da jaririya ba ta da kati. Sai na buɗe akwati na ɗauko na Gwaggonki na kwafe. Ai suna ɗaya ne har na biyun, gona kuma tata ce. Yadda muka yi da wurin sa hannu kuwa, sai kin zo in ba ki labari ki yi dariya.

Malam bai ko duba ba. Ya ce, "Kai ai na yarda da rubutunka," ya buga hatimi ya haɗa da sauran. Rabon da in ji daɗin magana haka har na manta.

Zan ba direban motar kasuwa wannan. Ki zo ki ga kishiyar kowa.

Ni ne Babanki,
mijin Gwaggo

---

Ranar Laraba

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Auta da iyalinsa. Mu muna lafiya. Na daɗe ban ji daga gare ku ba, kuma ban so a ce wannan ce takardar da za ta fara shiga tsakaninmu.

Ka san aikina shi ne shigar da sunayen manoma a na'ura. Bana an zo da sabon tsari: ana gwada lambar katin kowa da rajistar waɗanda suka rasu. Jiya da safe na'ura ta fito da suna ɗaya da jan layi daga ƙungiyarku. Na matso da kujera na karanta. Sunan Gwaggo ne. Lambar katinta ce. An rubuta tana noma gonar bayan rijiya, tana jiran tallafi.

Baba, ni na wanke mata kai a makonta na ƙarshe. Shekara huɗu ke nan. Na tashi na shiga banɗaki na kulle ƙofa, abokiyar aikina tana bugawa tana tambaya ko cikina ne.

Kullum a ofishin nan muna ganin masu cin kuɗi da sunan matattu. Ban taɓa tunanin zan ga na gidanmu ba. Idan rashi ne ya kai ka, me ya hana ka gaya mini? Ni ba 'yar gidan ba ce? Idan kuma ba kai ba ne, to wani ya shiga akwatinka, kuma hatimin magatakardanku ne a kai.

Ga abin da ya biyo baya. Doka ta ce idan aka samu suna ɗaya na bogi, a tsayar da kuɗin ƙungiyar gaba ɗaya sai an yi bincike. An tsayar da naku, ku ashirin da bakwai. Damina kuma saura mako uku ko huɗu.

Kada ka kira ni a waya. Teburina yana bakin ƙofar shugabanmu, kuma babu wanda ya san ina da dangantaka da ku. Ka rubuto, ko ka sa a rubuto, ka gaya mini gaskiya.

'Yar Gwaggo

---

Ranar Litinin

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki. Lafiyar jiki akwai ta.

Na karanta takardarki sau uku, a hankali, da yatsa, ina fatan karatuna ne ya gaza. Bai gaza ba. Ashe har kina iya zaton zan ci kuɗi da sunan matar da na binne da hannuna. Na ajiye takardar na fita gona ba tare da na ɗauki komai ba, sai da na isa na ga hannuna wayam.

Da na huce sai na lura kin ce kin daɗe ba ki ji daga gare mu ba. Na tafi tasha na kama direban nan. Ya rantse ya kai. Na ce ya buɗe mota. Ga wasiƙata a bayan abin kare rana, tare da rasit ɗin mai, mako uku tana yawo tsakanin garinku da namu. Ya ce, "Baba, ai ta ga gari." Ban yi dariya ba. Ga ta nan na haɗo miki, ki fara karanta ta, za ki gane komai.

Gwaggonki ba ta nemi tallafi ba. Takwararta ce, kuma ba ta cika wata biyu ba.

Amma yanzu ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Labarin tsayar da kuɗi ya iso nan ranar Juma'a. Ba a faɗi sunan da aka kama ba, an ce dai akwai na bogi. Kowa ya juya kan Malam, tun da shi ya cike takardu. Mai Injin Niƙa ya tsaya a bakin aji yana ɗaga murya, wai, "Dama masu biro ba sa yunwa." Matar nan da mijinta ya rasu bara, mai yara biyar, kullum sai ta zo ta zauna a ƙofar gidan Malam, ta wuni ta tashi. Wannan ya fi zagin ciwo. Mutum goma sha takwas muke a aji, jiya mu huɗu muka je.

Malam ya ce mini, "Na bi takardun nan a kaina ɗaya bayan ɗaya, ban ga inda na yi kuskure ba." Bai ko tuna da nawa ba. Ni kuma na tsaya ina kallon allo kamar yau na fara ganin baƙi.

'Yata, ke ce a ciki. Takarda ce guda ɗaya. Ba za ki iya zare ta ki yaga ba, a ce na'ura ce ta yi kuskure? Ba na son ko kwabo na gayaunar. A sake wa mutane nasu kawai, maganar ta mutu.

Amarya ta fara murmushi. Ba ta san abin da ta jawo ba.

Babanki

---

Ranar Alhamis

Baba,

Ka yafe mini. Na karanta ta farkon a tsaye a tasha, ina kuka ina dariya, har mai sayar da ruwa ta ce ko rasuwa aka yi. Na ce haihuwa ce. Allah ya raya mana ita, ya ba uwarta lafiya. Ka ce wa Auta ina da faɗa da shi, shi da ya bi umarninka.

Washegari na sauka ɗakin ajiya, inda ake tara takardun asali a kwalaye. Ni a na'ura kawai na ga sunan, ban ga takardar ba. Na samo kwalinku. Na ga rubutunka, kowane harafi a tsaye kamar an shuka shi da igiya. Sai na duba ƙasa, wurin sa hannu. Baba! Dangwalen yatsa ne bai kai ƙwayar wake ba. Ka shafa wa jaririya tawada? Uwarta ta sani? Na zauna a kan kwali na rufe bakina da mayafi.

Yanzu ka saurare ni. Ba zan iya zare ta ba. An riga an ɗauki hotonta, tana cikin fayil a kan teburin shugabanmu. Kuma akwai abin da ba ka sani ba. Kwamitin bincike zai zo daga sama ranar Alhamis, nan da mako biyu, kuma dole a nuna musu an kama wani. A makon da na ga sunan Gwaggo, na ga takardu sittin da lambar waya ɗaya, duk na wani mai taraktoci da ko kunyar shuka ɗaya bai taɓa yi da hannunsa ba. Na kai wa shugaba. Ya ce, "Waɗannan masu rai ne, na'ura ba ta yi ja ba. Ki bar su." Ya ɗaga taku ya ce, "Wannan ita ce mai kyau. Matacciya, ga hatimi." Har ya rubuta sunan Malam a bangon fayil.

Hanya biyu ce, ban ga ta uku ba.

Idan ka yi shiru, laifin zai zauna a kan mai hatimi. Za a cire shi, a miƙa shi ga 'yan sanda, sannan a saki kuɗin ƙungiya, har da na gonarka. Babu wanda zai san da kai, sai ni.

Idan ka zo ka ce kai ne, za a wanke shi, a saki na mutane. Kai kuma za a cire sunanka daga tallafi shekara uku, gonarka da gayauna duka. Ana iya yin fiye da haka saboda lambar katin, ban sani ba. Ni ma dole in faɗa cewa kai Babana ne, abin da zai biyo baya kuma sai Allah.

Ba zan gaya maka abin da za ka yi ba. Na san gwiwarka, na san yadda ƙasar gonarka ta gaji, na san yanzu baki ya ƙaru a gida. Ka dai ba ni amsa kafin ranar.

'Yarka

---

Ranar Asabar

Baba,

Lafiya? Mota biyu ta zo ba takarda. Na tambayi direba, na sa ya sauke abin kare rana a gabana, babu komai. An yi ruwa a nan daren jiya, na san ku ma yana hanya. An aika wa Malam takardar kira. Saura kwana biyar.

Ko fushi kake da ni ne? Ko shirun shi ne amsar? Idan shi ne, ka rubuto ka faɗa, don in san irin fuskar da zan shiga ofis da ita.

'Yarka

---

Ranar Litinin

'Yata,

Ina lafiya, ba fushi nake ba. Kunya ce ta riƙe mini hannu. Sau biyar ina fara takarda ina yagawa. Ba zan ɓoye miki ba, akwai wadda na rubuta har ƙarshe na ce miki mu yi shiru. Na ce a raina Malam yaro ne, yana da ilimi, zai samu wani aiki, ni kuwa fa? Na ninke ta na sa a aljihu na nufi tasha.

Hanyar tasha ta bi ta gaban aji. Na leƙa. Malam shi kaɗai, yana goge allon da babu rubutu a kai. Ya ce, "Shigo, ɗalibi ɗaya ma aji ne." Na zauna. Ya nuna mini takardar kiran da aka aiko masa, ya ce, "Karanta mini, mu ga ko ka iya dogayen kalmomi." Da takardar da za ta kai shi hannun 'yan sanda yake koya mini karatu. Na kai rabi na miƙa masa, na koma gida na yaga wadda take aljihuna.

Jiya aka yi taron ƙungiya a rumfar kasuwa. Na rubuta abin da zan faɗa don kada bakina ya kauce. Na miƙe na karanta: ni ne, ga yadda aka yi, Malam bai sani ba. Sai Mai Injin Niƙa ya ce, "Tsoho, jikar taka da wace fartanya take noma?" Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Matar nan mai yara biyar ta ce, "Kwana goma sha bakwai kana kallona a ƙofar gidan bawan Allah."

Da kowa ya watse, Malam ya matso kusa da ni. Ya ce, "Laifina ne da ban duba ba. Na koya maka cike layi, ban koya maka abin da layin yake nufi ba." Na ce a'a. Muka tsaya muna jayayya kowa yana jan laifi wajensa, har ya gaji ya ce, "To, mu je tare su raba mana."

Za mu shigo motar Alhamis ta asuba. Ki faɗa wa shugabanku tun yanzu cewa ni naki ne, kada ya ji a bakin wani.

Babanki

---

Ranar Asabar

Zuwa ga 'yata Akawu,

Bayan gaisuwa, mun iso gida lafiya. Na so in gan ki, amma abokiyar aikinki ta ce tun da kika faɗi dangantakarmu aka mayar da ke ɗakin ajiya, kuma aka hana ki hawowa ranar. Mota ba ta jira ba. Don haka ga yadda aka yi.

Mu huɗu muka zo: ni, Malam, matar Auta, da mai laifi a goye. Mai gadi ya ce ba a shiga da jarirai. Na ce sunanta yana cikin fayil, ita aka kira. Ya duba ni, ya duba ta, ya buɗe ƙofa.

Ɗaki ne mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Mutum uku a zaune, ta tsakiya mace ce mai tabarau, ita ce babba. Shugabanku yana gefe da fayil. Ya fara bayani da manyan kalmomi, wai an gano wata matacciya. Na ɗaga hannu kamar a aji. Na karanta takardata, ban tsallake layi ba.

Mai tabarau ta ce a ba ta takardar asali. Ta kai ta kusa da ido. Ta ce wa matar Auta, "Kawo ta." Ta kama ɗan yatsan Amarya ta ɗora kusa da dangwalen. Amarya ta damƙe mata biro ta ƙi saki. Na gefen dama ya juya baya, kafaɗunsa suna motsi.

Ta ce, "Baba, ka san lambar katin wanda ya rasu ba abin wasa ba ce?"

Na ce, "Yanzu na sani, ranki ya daɗe."

"Me ya sa ka yi?"

Na ce, "Murna ce ta yi mini yawa, ga kuma sabon rubutu a hannu."

Ta ce ba za a kai ni gaba ba, amma doka ba ta san murna ba: shekara uku, gona da gayauna. Na ce na karɓa. Ta ce Malam ya tafi, ya riƙa duba abin da yake buga wa hatimi. Ta sa hannu a saki kuɗin mutum ashirin da shida.

Ta tambaya ko ina da sauran magana. Na san ya kamata in yi godiya in fita. Amma na tuna da ke a ƙasa cikin kwalaye. Ban ambaci sunanki ba, ban ambaci kowa ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, ni manomiyata ta ƙarya guda ɗaya ce, kuma ga ta na kawo an gani. Ina roƙo duk mai manoma da yawa a takarda, shi ma a ce ya kawo nasa a ga yatsunsu."

Shugabanku ya shiga gyara fayil ɗin da babu abin da ya same shi. Mai tabarau ta ƙwace bironta daga hannun Amarya, ta yi rubutu mai ɗan tsawo. Ban san abin da ta rubuta ba. Idan maganata ta ƙara miki nauyi, ki gaya mini, kada ki ɓoye.

Jiya kuɗin mutane ya fara shiga. Matar nan ta wuce ni a hanya da buhun taki a amalanke, ta amsa gaisuwata, gajeriya dai, amma ta amsa. Aji ya koma mutum goma sha ɗaya. Ni kuma na fara kwashe takin awaki ina kaiwa gona da kwando, Auta yana ta faɗa wai zan ƙarasa gwiwar. Ruwa ya sauka, gobe za mu yi shuka. Bana sai abin da ƙasa ta ga dama.

Abu ɗaya nake roƙo, tun da yanzu ke ce mai kwalaye. Idan an gama da takardar nan, kuma doka ta yarda, ba a ɓoye ba, ki nema mini hotonta. Na lissafa: ranar da shekara ukun za su cika, Amarya ta iya tafiya, ta iya riƙe ƙwaryar iri ta bi ni a baya a gayaunar kakarta. Ina so in zaunar da ita a bakin rijiya in nuna mata yatsanta, in ce, "Kin ga abin da kika sa mijinki ya yi."

Wannan karon a hannun direba zan tsaya sai na ga ya sa ta a aljihu.

Ni ne Babanki,
mijin Gwaggo, kakan Amarya